Sukari a Tukunyar Inna Nazmoon

An yi wani mutum a nan bakin kogin Pomeroon, ba nisa da garin Charity. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin yana raye, kuma ba a rufe masa ƙofar tuba ba. Sunan mahaifiyarsa ne ba yadda zan yi in ɓoye, don labarin nan a kan sunan yake tafiya tun daga farko. Ana kiranta Inna Nazmoon, Allah ya ji ƙanta.

Sana'arta kasarif. Duk wanda ya taɓa tsoma burodi a cikin baƙin farfesun nan namu da safe ya san ba don nama yake lasar yatsa ba, don kasarif ne. Kun kuma san asalinsa: ruwan rogo mai ɗaci, wanda in akuya ta sha shi ɗanye ba za ta kai yamma ba. A goge rogon, a matse shi, a bar ruwan ya kwanta, sannan a ɗora a wuta. A yi ta tafasa shi ana kwashe kumfa, hayaƙi na cin ido, har gubar ta fita, ruwan ya ƙone ya koma baƙi mai kauri kamar zuma. Aiki ne na haƙuri, ba ya son a hanzarta shi.

Inna Nazmoon ta koya wajen matan ƙabilar Lokono na can saman kogi, lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Da tukunya ɗaya ta fara. Kafin gashinta ya yi fari tana da rumfa babba, da mata masu aiki, da takarda a jikin kwalba mai ɗauke da hotonta da ɗankwali. A ƙarƙashin hoton an rubuta: tsantsar rogo, ba haɗi. Masu tafiya New York da Toronto sukan naɗe kwalbarta a cikin riguna su cusa a akwati, don in ka sauka wajen dangi ba ita, gaisuwar ma da sanyi za a amsa maka.

Da ƙarfinta ya ƙare, idonta ya fara hazo, sai ta miƙa wa ɗanta rumfar. Abu ɗaya ta gaya masa. Ta ce, "Ɗana, ni ban tara maka komai ba sai sunan nan. Ka riƙe mini shi da kyau har a binne ni."

Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba. Sahun gaba yake sallah. Yana gaishe da manya, yana ba da sadaka ranar Juma'a. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya gyara zama ya ce labarin ba da shi ake ba.

Ciwonsa ɗaya ne. In ya tsaya bakin murhu ya ga katuwar tukunya cike da ruwan rogo ta ƙone ta koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ransa ya sosu. Yana ganin dukiya ce ke tashi sama da tururi. Wata rana ya ƙona sukari a kasko har ya yi baƙi, ya dama da ruwa, ya zuba kaɗan a cikin dafaffen kasarif. Ya duba launi, bai ga bambanci ba. Ya ɗanɗana, ya ji ma kamar ya fi daɗi. Kaɗan ɗin nan ya zama rabin kofi, rabin kofi ya zama bokiti.

Ya gina ɗan ɗaki a bayan rumfa, ya sa kwaɗo. Matan za su gama dafawa kamar yadda suka saba, su kai masa ƙofar ɗakin, shi kaɗai ya shiga ya yi haɗinsa, sannan a ɗura a kwalba. Da suka tambaye shi me yake yi a ciki, kun san abin da ya ce? Ya ce sirrin Inna ne, ita ta hana a nuna wa kowa. Ya ɗauki sunan da aka ba shi amana ya toshe bakin mutane da shi.

A wannan lokacin ba wanda cikinsa ya ɓaci, domin matan suna dafa abinsu har ya nuna kafin ya kai hannunsa. Algus ne kawai. Kawai na ce? Allah ya yafe mini. Ai daga wannan kawai ɗin duk sauran suka biyo.

Sai ya je wani baje koli a babban birni Georgetown, ya ga injuna suna sheƙi. A zuba abu ta nan, ya fito ta can a cikin kwalba da murfinsa, ba hayaƙi, ba itace, ba mai cewa yau ɗanta ba lafiya. Ya dawo gida da zancen a bakinsa. Ya sayar da gonar kwakwar da ke bayan gida, ya ce shi ma sai ya kafa nasa injin.

Kada ku fahimce ni a baibai, ya 'yan uwa. Ni ba maƙiyin inji ba ne. Ga fanka tana kaɗa muku iska, ga lasifika ina magana da ita, kuma da kwalekwale mai inji yawancinku kuka zo. Matan rumfar nan ma sun gaji da hayaƙi, wasu tari ya kama su. Inji ni'ima ce daga ni'imomin Allah. Amma abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, kuma ba ya iya tambayar ko da gaske ake.

Kamfanin da ya yi ciniki da su ya turo injiniya, wata matashiya mai suna Odessa, ta sauko daga kwalekwale da takalmin roba da jaka a baya. Yarinya ce mai natsuwa, ta san aikinta. Ta zaga rumfar, ta shaƙi hayaƙi, ta yi tari, ta yi dariya. Sannan ta ce, "Kawu, kafin in zana komai, ka bar ni in zauna da matan nan 'yan makonni. Ina so in ga aikin da idona, daga rogo har kwalba. Yadda ake faɗin aiki daban, yadda ake yinsa daban."

Nan take ya hango haɗarin. In ta zauna da matan, bakin wata zai kai ga ɗakin baya, kuma injiniya ba za ta yarda da zancen sirrin Inna ba.

Ya ce, "'Yata, ke da kika yi karatu za ki zauna cikin toka ki ɓata farcenki? Ni aka haifa a gindin tukunyar nan. Tambaye ni duk abin da kike so."

Ta ce, "Kawu, farcen nawa ya saba. To, ta yaya ake gane ya nuna?"

Ya ce, "Launi. In ya yi baƙi wuluk, shi ke nan."

"Launi kaɗai? Ba a duba kauri?"

"Launi ya isa. Baƙin da kaurin tare suke zuwa."

Wannan gaskiya ce, in tsantsar rogo ce a tukunya. Odessa ta ce duk da haka ta fi so a sa na'urori biyu, ɗaya ta duba launi, ɗaya ta auna kauri, sai dai ta biyun sai an yi odarta daga waje, za ta ɗauki lokaci. Ya ce ba shi da wannan lokacin. Disamba na tafe, watan da kowane gida a ƙasar nan, na Kirista da na Hindu da namu, yake ɗora farfesu. Yana so kwalbarsa ta riga ta kowa isa kanti.

Ta nuna ɗakin mai kwaɗo ta ce, "Can fa, me ake yi?"

Ya ce, "Tarkace ne."

Ta tsaya ta dube shi, ba da raini ba. Ta ce, "Kawu, tambaya ɗaya ta rage, kuma duk aikin a kanta zai tsaya. Ban da ruwan rogo, akwai wani abin da ke shiga ciki? Ko gishiri ne, ko ɗan ganye. Ba ruwana da sirrin kowa, ba zan kai gaba ba. Injin ne yake bukatar sani."

Ku duba rahamar Allah, ya 'yan uwa. An buɗe masa ƙofa, an ma yi masa alkawarin rufin asiri. Me zai rage shi da shi in ya ce, 'yata, akwai ɗan sukari, amma daga yau na daina? Sai ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi babu komai. Ba ki karanta takardar kwalba ba?"

Ta rubuta abin da ya faɗa, ta koma ta gina masa inji a kan maganarsa.

Aka kawo injin a kan babban jirgin ruwa, yara da manya suka fito kallo. Tanki ne na ƙarfe a rufe, da bututu, da wani ɗan ido na gilashi da ke leƙen abin da ke tafasa. In idon ya ga ruwan ya kai baƙin da aka nuna masa, sai ya kashe wuta da kansa ya tura wa kwalabe. Odessa ta gwada shi da tsantsar ruwan rogo, kasarif ya fito kamar na Inna a zamanin ƙarfinta. Ta koya masa maɓallai, ta hau kwalekwale ta tafi. Shi kuma ya sallami matan rumfa, ya bar maza biyu masu ɗaukar kaya.

Sai da ya zauna shi kaɗai da injinsa sannan ya lura da abin da bai yi tunani ba. Daga tanki har kwalba a rufe yake ruf. Ba inda zai tsaya a ƙarshe ya yi haɗinsa. Kafa ɗaya ce kawai a buɗe, can farko, inda ake zuba ɗanyen ruwan rogo.

Ya yi kwanaki yana kai-kawo a gaban tankin. Zuciya ɗaya tana ce masa ga dama ta samu, ya bar algus, injin ya rage masa itace da albashi, ribar ta ishe shi. Ɗayar tana lissafa masa kwalaben da bokitin sukari yake haifarwa. Wata safiya bayan sallar asuba, da carbinsa a aljihu, ya ɗauko bokitin ya juye a cikin ɗanyen ruwan. Ya ce a ransa, farko da ƙarshe ai duk ciki ɗaya za su haɗu.

To, me idon gilashi ya gani? Ya ga baƙi. An ce masa baƙi shi ne nuna, ba a ce masa akwai baƙin da ba na wuta ba. Ruwan rogo bai yi nisa da tafasa ba, injin ya kashe wuta ya fara ɗura. Sukarin ya ba shi ɗan danƙo, launi ya yi kyau, kwalabe suka jeru suna ƙyalli da hoton Inna Nazmoon a jikin kowace.

Mutumin ya ga aikin da ke cin yini ya ƙare kafin rana ta take. Maimakon tsoro ya kama shi, sai murna. Ranar Litinin ya shiga kasuwar Charity yana baza kafaɗa. Wata mai kanti da ta san shi tun yana yawo ba wando ta ce, "Ɗan Inna, ina ka samo kasarif haka kamar ruwan sama? Ko aljanu ka ɗauka aiki?" Ya yi dariya ya ce, "Aljanin ƙarfe ne, Gwaggo, ba ya neman hutun Kirsimeti."

Allah bai bar shi ba gargaɗi ba. Odessa ta buga masa waya don jin yadda injin ke tafiya, shi kuma da bakinsa ya yi mata alfahari da saurinsa. Sai ta ce, "Kawu, wannan saurin bai yi mini ba. Ruwan rogo ba ya baƙi da wuri haka. Wani abu ya canza ne?" Ya ce rogon bana ne mai kyau. Ta ce ya dakatar da ɗura har ta zo ta duba. Ya ce to, ya ajiye waya, ya ci gaba da lodin kwalekwale.

Gargaɗi na biyu daga cikin gidansa ya fito. Inna Nazmoon tana zaune a baranda, ido ya tafi amma hanci yana nan. Ta ce, "Ɗana, ƙamshin rumfar nan ya canza. Kawo mini cokali ɗaya in ji abin da ƙarfen naka yake dafawa." Ya shiga ciki, ya tsallake sababbin kwalabe, ya ɗauko wadda Odessa ta yi gwaji da ita, ya ɗebo mata. Tsohuwa ta lasa, ta gyaɗa kai, ta sa masa albarka. Ya durƙusa ya amsa da amin. Wannan wurin ne ya fi ci mini rai a labarin duka, ya 'yan uwa.

Ruwan da bai nuna ba, ga sukari a ciki, ga zafin ƙasarmu. Kwalabe suka fara kumfa a kan kanta. Murafe suka kumbura, wasu suka fashe. Wata mata ta sauka a Toronto ta buɗe akwati ta tarar da kayan bikin 'yarta sun yi baƙi suna wari. Waɗannan su ne masu sa'a, don ba su ci ba.

Waɗanda suka saya da wuri suka dafa, su ne suka ji jiki. A wani gida a saman kogi an yi saukar Alƙur'ani, aka ciyar da jama'a, kafin la'asar mutane na riƙe da kai suna amai a bakin ruwa. Safiyar Kirsimeti aka yi ta jigilar iyalai a kwalekwale zuwa asibiti, har da ƙananan yara. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma wani dattijo mai ciwon zuciya ya daɗe a kwance, bai ƙara komawa gonarsa ba.

Jami'an lafiya suka zo. Mutumin ya tarye su a bakin gaɓa yana ɗaga murya, yana cewa injin banza aka sayar masa, yarinya aka turo masa wadda ba ta san rogo ba. Aka kira Odessa. Ba ta yi musu da shi ba. Ta nemi a kwance mata ƙasan tankin da ake zuba ɗanyen ruwa, ta zura hannu da cokali, ta kankaro wani baƙin abu mai tauri da ya daskare a gindin. Ta karya shi, ta shinshina, ta miƙa wa babban jami'in. Sannan ta juyo ta ce a hankali, "Kawu, rogo ba ya yin alewa. Na tambaye ka fa."

Inna Nazmoon tana baranda, tana jin komai. 

Aka rufe rumfar. Aka kwashe kwalabe daga kantuna aka fasa. Injin yana nan har yau a ƙarƙashin kwano, ciyawa ta hau shi, kuma ba abin da ya lalace a jikinsa. Mutumin ya daina zuwa sahun gaba, daga baya ya daina fitowa gaba ɗaya. Amma duk wannan ba shi ne faɗuwar ba.

Bayan wasu watanni tsohuwa ta ce a kai ta kasuwar Litinin, tana son sabuwar butar shayi, kuma ta gaji da zaman gida. Shi ya riƙe mata hannu, yana sunkuyar da kai a cikin taro. Suka tsaya a rumfar wata yarinya baƙuwa, wadda ba ta daɗe da zuwa daga yankin Berbice ba, ba ta san kowa ba. Inna ta lalubi wata buta tana shafawa. Yarinyar, da kyakkyawar niyya, ta karɓe ta ce, "A'a, Kaka, bar wannan, nazmoon ce. Kwana biyu za ta ɓule. Ga mai kyau nan."

Tsohuwa ta ce, "Me kika ce, 'yar nan?"

Yarinyar ta yi dariya. "Nazmoon, Kaka. Jabu ke nan. Haka na ji 'yan garin nan suna cewa, ni ma na ɗauka. Agogo, takalmi, har saurayi in ya cika ƙarya."

Inna Nazmoon ta tsaya da hannunta a kan butar da aka miƙa mata. Ta biya kuɗin mai kyau, ta gode wa yarinyar. Sannan ta zare ɗaya hannun daga cikin na ɗanta, ta ce wa wata mata da ke wucewa, "Baiwar Allah, taimaka ki kai ni bakin ruwa." Ya bi su a baya har kwalekwale, ba ta juyo ba. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, kuma ba ta ƙara taka kasuwa ba har ta koma ga Mahaliccinta kafin shekara ta zagayo.

Ya 'yan uwa, me ya rusa mutumin nan? Ba inji ba ne. Injin ya yi aikinsa da gaskiya a kan ƙaryar da aka ba shi. Mutum yakan yi shekaru yana ha'inci a hankali, hannayen mutanen kirki da ke kewaye da shi suna tare ɓarnar ba tare da sun sani ba. Ran da ya kawar da hannayen nan ya sa ƙarfe, sai ha'incin ya fita duniya da gudun ƙarfe.

Da yawanku kuna da shaguna, da injin casar shinkafa, da kwalekwalen haya. Wasu na ji suna shirin sa kwamfuta ta riƙe musu kaya da oda. Madalla, ku sa. Amma kafin ku sa, ku zauna ku kalli aikinku yadda ake yinsa da gaske, ba yadda kuke faɗa wa baƙo ba. Ku bar wanda zai gina muku ya gani da idonsa, ya tambayi masu yi. In akwai wani mataki da kuke jin kunyar a gani, to ba ɓoye shi za ku yi ba, barinsa za ku yi. Kowa ya tambayi kansa yau, ni da ku: wane ɗaki ne a cikin sana'ata nake sa wa kwaɗo?

Kuma ina roƙonku abu ɗaya. Kalmar nan har yanzu tana yawo a bakin 'ya'yanmu, na ji ta da kunnena a harabar masallacin nan. Ku hana su. Sunan mace ce da ba ta taɓa cutar kowa da cokali ɗaya ba.

Allah ya haskaka kabarinta, ya karɓi tuban ɗanta in ya tuba. Allah ya tsarkake mana abin da muke sayarwa da abin da muke rantsuwa a kai. Allah ya kiyaye mu, kada mu zama sanadin zubewar mutuncin waɗanda suka haife mu. Amin.